Shaiɗanin da Ya Tsufa a Kan Allo

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta gangaro daga kan tudu zuwa tsohuwar gada ya san Kwanar Shaiɗan. Ko bai lura da ita ba, ya ji kwandasta yana buga jikin mota yana cewa, "Shaiɗan! Akwai mai sauka a Shaiɗan?" Baƙi sukan yi tsuru-tsuru su dubi juna, 'yan gari kuwa su ɗaga hannu su ce akwai. Amma kaɗan ne suka rage da suka san cewa a da kwanar ba ta da suna, kuma wanda ya jawo mata shi wani mutum ne siriri, mai doguwar fuska da manyan kunnuwa, wanda ko keke bai taɓa iya tuƙawa ba. Mai Zane ake ce masa.

Su biyu ne a wurin mahaifinsu, shi da yayansa. Tare aka sa su makarantar mishan, a zamanin da ake rubutu da alƙalami mai bakin ƙarfe, ana tsoma shi a 'yar kwalbar tawada da ke zaune cikin ramin tebur. Da mahaifin ya rasu, sai ya zama dole ɗaya ya bar aji. Ba a zauna an yi shawara ba. Yayan ya wayi gari ya ninke kayan makarantarsa ya ajiye wa ƙanen, ya tafi wurin wani mai facin taya ya ce a koya masa. A can ne ƙarfen cire taya ya kuɓuce ya tsaga masa girar hagu, ya bar masa tabon da gashi bai ƙara tsirowa a kai ba. Mutum ne kakkaura mai zagayayyiyar fuska, ga wushirya da ɗan yatsa zai iya shiga, ga dariya a kusa. Tun daga nan ake kiransa Mai Faci.

Ƙanen bai yi fice a lissafi ba, amma in aka ba shi alli, sai a tsaya kallo. Sai dai yana da wani naƙasu guda, wanda Sistar da ke koya musu zane ta fara ganowa. Ta sa shi ya zana mala'ika a kan labulen wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara. Ya yi fikafikai, ya yi farar riga, ya tsaya cak a wurin fuska har yamma. Washegari aka buɗe labule sai ga mala'ika da fuskar kukun makaranta, har da ƙullutun da ke gefen hancinsa. Yara suka yi ta birgima don dariya. Sistar ta cire tabarau ta goge, ta ce masa, "Ɗana, hannunka bai iya ƙirƙira ba, kuma bai iya ƙarya ba. Ka yi hattara da wanda kake kallo."

Bai yi hattara ba, domin da wannan naƙasun ya ci abinci har tsufansa. Ya kama shago a bayan tasha, ɗaki ɗaya mai ƙofar kwano, inda gwangwanayen fenti ke jere a kan katako bisa ga launi, burushi kuma suna tsaye cikin gwangwanin madara da kananzir. Babu wanda ke cikin unguwar da bai hau allon wani ba. Kawunan da ke allon mai aski, tela ne da mai wanki da ɗan mai gidan haya. Matar da ta ɗaure muƙamuƙi a allon kantin magani tana ciwon haƙori, matarsa ce ta aure, kuma ta yi fushi da shi har sai da ya saya mata ɗankunne. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta riga shi tafiya da daɗewa, amma allon kantin maganin yana nan, ya hana a taɓa shi.

Mai Faci shi kuma ya kafa rumfarsa a gindin wata babbar bishiya a cikin kwanar nan, domin a nan tayoyi suka fi fashewa. Gidansa na bayan rumfar. Hanyar takan zo a miƙe daga kan tudu, ta ruɗi direba, sai kwatsam ta karya hagu, ta hannun dama kuwa kwazazzabo ne. Sau da yawa Mai Faci ne na farko da ke sauka da igiya ya ciro mutane. Masu gyaran hanya sun kafa allo mai cewa a rage gudu, babu wanda ya karanta. Sun sa hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, direbobi suka ce ai tallan maganin ɓera ne.

Wata rana heluman masu gyaran hanya, wato shugaban leburorinsu, ya zo shagon Mai Zane, ya zauna a kan gwangwanin fenti ba tare da ya duba ko a rufe yake ba.

"Malam, abin da nake so shi ne abin da zai sa ƙafar direba ta nemi birki da kanta," in ji shi. "Ka zana min Shaiɗan. Ƙato. Yana tsaye a bakin ramin yana yafito su da hannu."

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganinsa ba."

"To wa ya taɓa? Ai kai ka yi makarantar mishan, kun fi mu sanin kamanninsa."

Gaskiya ne, ya san ƙahoni da wutsiya da mashi mai baki uku daga manyan hotunan da ake ratayewa a aji. Aka kai allon kwanar, ya fi ƙofar gareji faɗi, aka jingina shi da bishiyar. Ya gama jiki, ya shafe shi da ja, ya yi hannu mai dogayen farata. Ya zo fuska ya tsaya. Yayansa na zaune a kan tsohuwar taya, yana juya tif ɗin taya cikin daron ruwa yana neman inda kumfa ke fita.

"Ƙanena, tun safe kake kallon wurin nan kamar wanda aka aika ya manta saƙo."

"Fuska ce babu, Yaya."

"Ga tawa a banza. Ai ba na amfani da ita, da hannu nake aiki."

"Haba, Yaya."

"Zana mana! In ka sa ƙaho ka shafa ja, wa zai gane? Ko matata ba za ta gane ba, ita da ba ta kallona sai ranar da za ta kasuwa."

Ya ƙyalƙyale da dariya, Mai Zane kuwa ya ga dariyar ta yi daidai da abin da yake nema. Ya ce a ransa zai toshe wushiryar, ya cike girar. Hannun ya ƙi. Da aka ɗaga allon a kan ƙafafun ƙarfe, direban farko da ya gangaro ya taka birki har tayoyi suka yi ƙara, ya leƙo ya dubi sama, ya dubi rumfa, ya ce, "La ila! Ashe nan ne gidanka!"

Allon ya yi aiki. Wannan kam ba a musu. Igiyar Mai Faci ta daɗe a rataye har ta fara ruɓewa. Amma sunan ya gangaro daga allon ya bi duk abin da ke ƙarƙashinsa. Kwanar ta zama Kwanar Shaiɗan. Bishiyar ta zama bishiyar Shaiɗan, har mata suka daina tsintar itace a gindinta. Wani baƙin kare mai laushin hali da ke kwana a rumfar ya zama karen Shaiɗan, yara suna jifansa. Shirwar da ke shawagi bisa kwazazzabon ma an ce tasa ce. Direba yakan tsaya ya ce, "Shaiɗan, a sa min iska," Mai Faci ya ce, "Iska ai sana'armu ce," a yi dariya. Ciniki ya ƙaru.

Abin da bai zama abin dariya ba, Mai Zane ya gan shi da idonsa, ya kawar da kai. Ya ga ranar da 'yar yayansa, ita kaɗai ce gare su, ta dawo daga makaranta da yagaggiyar riga saboda an ce mata 'yar Shaiɗan. Ya ji mai nama yana ce wa yaronsa ya auna wa matar Shaiɗan. Yana cikin majami'a ranar da yayansa, wanda ya fi kowa murya a cikin mawaƙa, ya buɗe baki zai ja waƙa, sai dariya ta ɓarke a bencin yara, har wasu manya suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Daga ranar Mai Faci ya koma bencin baya, kusa da ƙofa. Bai ce komai ba. Ƙanen ma bai tambaya ba, domin ya san in ya tambaya za a ba shi amsa.

Ga kuma abin da ya fi muni. Rana tana cin jan fenti kafin kowane launi. Bayan 'yan shekaru sai allon ya koɗe, a aiko a ce Mai Zane ya sabunta shi. Da wani mai zanen ne, da sai ya bi tsohon layi ya cike. Shi bai iya ba. Sai ya kankare fuskar, ya ce, "Yaya, ɗan zauna min." Yayan ya zauna a kan taya, ya yi murmushi. Haka Shaiɗanin ya yi ta girma tare da mai rumfar. Ya yi ƙiba lokacin da Mai Faci ya yi ƙiba. Ya yi furfura a gemu. Ya samu layuka uku a goshi da jaka a ƙarƙashin ido. Matafiya suna tsayawa su ɗauki hoto, su ce ba su taɓa ganin tsohon Shaiɗan ba sai a nan, kuma kamar zai yi magana. Mai Zane yakan tsaya a gefe yana goge hannu da tsumma, yana jin daɗi har cikin ƙashinsa. A duk ayyukansa babu wanda ya kai wannan, ya sani, kowa ma ya sani.

'Yar yayan ta yi karatu ta zama nas, ta nemi aiki a gari mai nisa, ta yi aure a can. Tana aiko da saƙo, amma zuwa sai a hankali. Ta haifi 'ya mace, aka yi ta cewa za a kawo ta, ba a kawo ba. Sai da ƙafafun Mai Faci suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya har ya bar rumfa, sannan ta ɗauki ɗan hutu ta ce ga su nan tafe.

Tsohon ya tashi kamar ba shi ne mai ciwo ba. Ya sa aka kawo masa wata taya mai kyau, ya wanke ta da sabulu, ya huda ta, ya sa aka rataye ta a reshen da ya leƙo tsakar gida ta zama lilo. Ranar zuwan ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta zuwa majami'a, aka fito masa da kujera bakin ƙofa. Mai Zane ya zo taya shi jira.

"Yau zan ga amaryata," in ji Mai Faci. "Tsohuwar nan ta gida sai ta nemi wani."

"Wa zai karɓe ka a hannuna?" in ji matarsa daga ɗakin girki. "Ni ma haƙuri nake."

Motar ta tsaya daidai ƙarƙashin allon, don nan ne wurin sauka. Nas ta sauko da jaka a hannu ɗaya, yarinya a ɗayan, 'yar mitsitsiya da ba ta wuce shekara huɗu ba. Yarinyar ta ɗaga kai. Uwar ta kai hannu za ta rufe mata ido, amma ta makara. Ta kalli ƙahonin, ta kalli faratan, ta ƙanƙame siket ɗin uwarta, ba ta yi kuka ba. Suka zagayo bayan rumfa. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya buɗe hannu biyu, ya yi murmushin nan nasa gaba ɗaya, wushirya da tabo da layuka uku a goshi.

Ihun da yarinyar ta yi, har kare ya tashi ya bar gidan.

Aka yi lallashi, aka yi bayani. Aka ce hoto ne kawai. Aka ce duba, Kaka ba shi da ƙaho. Ta ce ya ɓoye su a cikin hula. Ya cire hular, ta ce ya mayar da su cikin kai. In ya shigo tsakar gida sai ta shige ƙarƙashin gado. In ya yi tari a ɗaki sai ta toshe kunnuwa. Lilon ko kallonsa ba ta yi, tun da aka ce shi ya yi shi. A rana ta biyu tsohon da kansa ya ce a mayar da kujerarsa cikin ɗaki a sakaya ƙofa, don yarinya ta samu ta sha iska. Ta tagar ɗakin yake leƙenta, ta bayan labule.

Wanda ta liƙe wa kuwa shi ne Mai Zane. Aljihunsa cike yake da guntayen alli masu launi. Ya zana mata kaza a kan siminti, ya zana mata uwarta tana barci da baki a buɗe. Ya sa mata suna Ɗigo, don ya ce ba ta fi ɗigon fenti ba. Tana kiransa Kaka Mai Alli, tana hawa cinyarsa tana jan kunnuwansa tana tambaya ko da su yake tashi sama. Mutumin da bai taɓa riƙe ɗan kansa ba, ya rufe shago, kullum yana gidan tun da hantsi. Ya san akwai ido a bayan labule. Ya sani sarai. Sai ya gyara zama ya ba tagar baya.

Matar yayansa ce ta tare shi a bakin rijiya, tana wanke kwanuka.

"Mijina ƙarami, sannu da aiki."

"Wane aiki, Yaya?"

"Na reno mana. Ka ɗauki fuskarsa ka rataye a titi, bai ce komai ba. Ka ɗauki muryarsa, bai ce komai ba. Yanzu jikar ma kai za ka riƙe masa? Madalla. Dama shi ya saba ajiye maka kaya."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta daina cuɗa tukunya ba. Mai Zane ya tsaya da alli a hannu kamar ɗalibin da aka kama. Nas tana shanya a kan igiya, ta ji komai. Ya juya wurinta ko za ta sassauta.

"Baba Ƙarami, jibi za mu koma," in ji ta. "Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na ga ƙafafun nan, na ji ƙirjinsa. Ba na jin za su sake haɗuwa. Ni na sha nawa tun ina 'yar firamare, ya wuce. Amma ba na so abin da 'yata za ta riƙe na mahaifina ya zama wancan." Ta nuna saman rumfa da haɓa, inda ƙarshen ƙaho ɗaya ke leƙowa ta kan katanga.

Bai ci abincin gidan ba ranar. Ya koma shago ya ɗauko babban gwangwanin farin fenti da burushi mai faɗi, ya ari tsani. Kafin rana ta yi sanyi ya shafe allon tas, tun daga ƙaho har wutsiya. Aikin da ya fi so a duniya, bai tsaya ya yi masa kallon ƙarshe ba. Wani direban tirela ya tsaya ya leƙo.

"Tsoho, ka haukace? Ina ka kai mana mutuminmu? Wallahi saura kaɗan in wuce kwanar, ido na neman ja bai gani ba!"

Mai Zane ya sauko daga tsani. Ya shiga gida da fenti har gwiwar hannu, ya ɗauki Ɗigo ya fito da ita, ya nuna mata.

"Kin gani? Babu shi. Na kore shi."

Ta kalli farin allon, ta daɗe. Sannan ta juya ta kalli gidan.

"Ya sauko," ta ce a hankali. "Ya sauko duka. Yanzu yana ɗaki."

Ranar ko tsakar gidan ta ƙi shiga. Sai maƙwabta ne suka ba su wurin kwana ita da uwarta. Mai Zane ya leƙa ɗakin yayansa kafin ya tafi. Tsohon na kwance a jingine da matasai uku, don in ya miƙe numfashi ba ya zuwa.

"An ce ka sauke ni daga aiki," in ji shi.

"Yaya…"

"Ka mayar da shi, ƙanena. Kafin wani ya faɗa ramin nan. Ba ni da ƙafar sauka da igiya yanzu. In zama kake so in yi maka, a fito da ni gobe, zan iya." Ya ja numfashi. "Yarinya kuma ƙyale ta. Ai na gan ta. Tana da wushirya, ka lura?"

Da yayan ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Mai Zane ya ja ƙofa ya fita.

Da gari ya waye ya dawo da ja da baƙi da rawaya, da ƙananan burushinsa na fuska waɗanda yake naɗewa cikin tsumma. Ya shiga rumfar yayansa, wadda ƙura ta rufe, ya tono wani madubin gefen babbar mota da ya tsage a kusurwa. Ya ɗaure shi da waya a jikin tsanin, daidai tsayin kansa. Jiki da wutsiya da mashi ba su ɗauke shi lokaci ba, hannunsa ya san hanya. Da ya zo fuska, sai ya juya ya kalli madubin.

Ya zana fuskar kusan kowa a garin, amma bai taɓa zama ya kalli tasa kallon aiki ba. Ya ga doguwar haɓa. Ya ga siraran leɓɓa da suka saba rufuwa a inda ya kamata su buɗe. Ya ga idanu ƙanana masu son a yaba. Bai sha wahalar neman abin tsoro ba. Ya gwada murmushi don ya yi daidai da hannun da ke yafito, sannan ya zana abin da ya gani.

Mutane suka fara taruwa, masu jiran mota da masu talla.

"Kai, ku zo ku gani, an yi wa Shaiɗan canjin ma'aikata!"

"Wannan ai ramamme ne. Wancan ya fi cin abinci."

"A'a, wannan ya fi kama da na gaske. Dubi idon!"

"Malam, sauko mu gaisa, ashe kai ne tun da can!"

Kunnuwansa suka yi zafi, bai waiwaya ba. Rana ta take tsaka, ta karkata, yana sama. Yana sa ɗigon fari na ƙarshe a ƙwayar ido sai ya ji taron ya yi shiru. Nas ce ta zo, da yarinyar a kafaɗa. Ɗigo ta kalli allon. Ta kalli mutumin da ke kan tsani, hannuwansa ja har wuyan hannu, fuskarsa dab da ɗaya fuskar. Ta sake kallon allon. Mai Zane ya so ya ce mata wani abu, ya laluba aljihu, allin na nan. Ya fasa. Ta cusa fuska a wuyan uwarta.

"Ya koma sama?" ta tambaya daga can.

"Ya koma," in ji uwar.

"Ba na ɗaki ba ne?"

"Ba shi ba ne. Kin ga wannan yana da wushirya?"

Ta leƙo da ido ɗaya. "Babu."

"To."

"Na ɗaki wane ne?"

"Babana ne. Shi ya goya ni ina kamar ke."

Ba a take ta yarda ba. Ta shiga gidan dai, ta tsaya a bayan randa. Aka fito da tsohon aka zaunar, aka ce kada ya yi mata magana, kada ma ya kalle ta. Ya zauna yana kallon ƙasa kamar mai laifi, yana ɗan tura lilon da sandarsa, taya na zuwa tana dawowa ba kowa a kai. Can sai ya fara waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda yake ja a majami'a kafin ya koma bencin baya, yana tsayawa yana neman numfashi a tsakanin baiti. Inuwa ta kai rabin tsakar gida kafin ta fito daga bayan randar. Ta hau tayar ta baya, ta ba shi ƙeya. Ya tura. Ta ce a ƙara. Kafin a kira su cin abinci tana tsaye tsakanin gwiwoyinsa, ta sa ɗan yatsa a tabon girarsa tana tambaya wa ya yi masa.

Mai Zane na tsaye a bakin ƙofar gida, ya wanke hannu da kananzir har fata ta yi fari, amma jan bai fita daga gefen farata ba. Yarinyar ta hango shi, ta shige cikin farar rigar kakanta ta ja ta ta rufe kai.

"Kada ki damu, amarya, ba zai shigo ba," in ji Mai Faci, yana dafa bayanta. Sannan ya ɗaga murya. "Ƙanena! An ɗaga ni na leƙa ta kan katanga, na ga aikin."

"To, Yaya."

"Ya yi. Amma ka rage kunnuwan."

"Ban rage ba."

"Ka rage. Ni da ka zana ni, ko layi ɗaya ka yafe min?"

Matar ta fashe da dariya a ɗakin girki, Nas ma ta juya baya tana dariya. Mai Zane ya koma titi ya ɗaga kai. Gaskiya ne. Hannun da bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ya yi wa mai shi. Da safe, kafin motar su Nas ta zo, ya sake hawa tsanin ya mayar da kunnuwan yadda Allah ya yi su. Yana sama motar ta tashi. Ya ga ɗan hannu yana ɗagawa ta taga, ba shi ake ɗaga wa ba, kujerar da ke bakin rumfa ake ɗaga wa.

Mai Faci bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. A wurin binne shi mawaƙa suka ja waƙar nan tasa, babu wanda ya yi dariya. Kwanar ba ta canza suna ba, kuma ba za ta canza ba. Sunan dai ya tashi daga bayan rumfa ya koma bayan tasha. Mai Zane ya rayu shekaru bayan haka, yara suna bin sa suna kiran sa da shi, masu shago suna cewa a kai wa Shaiɗan allo ya rubuta. Yakan amsa. In wani ya tsawata wa yaran, sai ya ce a bar su. Nas takan aiko masa da hoton yarinyar duk shekara, yana jera su a kan katakon fenti, tsakanin shuɗi da kore. Bai taɓa zana ta ba, ko da alli.

Tun da ya rasu ba a samu wanda ya sabunta allon ba. Jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, wutsiyar ta ɓace, mashin saura baki ɗaya. Amma kunnuwan da ya yi wa shafi biyu suna nan raɗau, ana hango su tun daga kan tudu, kuma direbobi har yau a daidai nan suke taka birki.